Zuwa ga Hajiya mai ƙuli-ƙuli: amsar tambayarki a kan aikin ƙungiyar masana kimiyyar abinci

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Tambayar da kika yi ta waya a shirin rediyo ta iso mana. Kin ce sana'arki ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa da yaji, kina da matan da kuke aiki tare, kuma wani ɗan kasuwa mai kai kaya kudu ya dawo miki da ƙuli buhu-buhu, wai an gwada an sami guba, alhali ke idonki bai ga komai ba, harshenki ma bai ji komai ba. Sai kika ce: ku da ake kira masana kimiyyar abinci, ƙungiyarku ta shiyya me take yi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ban da taro da jawabi da ɗaukar hoto? Lokacin rediyo bai isa amsa ba, shi ya sa muka rubuto.

Da farko a raba tsaki da tsakuwa, don mutane da yawa suna haɗa mu da hukuma. Lambar da ake bugawa a jikin leda NAFDAC ce take bayarwa, hukumar da aka kafa a 1993. Ƙa'idar ingancin kaya ta hukumar SON ce, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya. Rajistar wanda zai yi aiki da sunan masanin abinci kuma tana hannun majalisar da dokar 2019 ta kafa. Uwar ƙungiyar masu wannan ilimi a Najeriya ita ce NIFST, tun 1976, tana da rassa a shiyyoyi, tana fitar da mujallar bincike. Reshe ba ya kama kaya, ba ya rufe shago, ba ya ba da lamba. Mambobinsa malaman jami'a ne da na kwalejin fasaha, da ma'aikatan masana'antu da ɗakunan gwaji, da ɗalibai, suna biyan kuɗin shekara daga aljihunsu. Abin da ke hannunsu awo ne da koyarwa.

Kalandar da ke kan takarda ba ta da tsawo. Farkon shekara a zauna a kan kasafi. Tsakiyarta taron shiyya, masu bincike su gabatar da abin da suka gano, a kai ɗalibai masana'antu su ga injin da suka karanta a littafi. 7 ga Yuni ranar kiyaye tsaftar abinci ta duniya, wadda aka fara a 2019. Wajen Oktoba babban taron ƙasa, 16 ga watan kuma ranar abinci ta duniya. Tarukan suna da amfaninsu, don a nan ake bankaɗo binciken da bai tsaya da ƙafarsa ba kafin ya fita waje ya cuci mutane. Amma ƙorafinki yana da tushe. Da Turanci ake irin waɗannan taruka, a cikin zaure, kuma abinci ba ya lalacewa bisa ranakun Majalisar Ɗinkin Duniya. Kaka da hunturu da bazara da damina yake bi. Reshen da ya san abin da yake yi, a kan waɗannan yake ɗora shekararsa. Bari mu bi ta da ke, daga inda ciwonki yake.

Gubar da aka ce an samu a ƙulinki, kusan babu shakka aflatoksin ce. Wata fumfuna ce da ke zaune a ƙasar gona take fitar da ita, tana son gyaɗa da masara da barkono. Duniya ta farga da ita a 1960, da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da garin gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Amma yawancin ɓarnarta a hankali take yi, tana cin hanta shekara da shekaru har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ba ta da wari ko launi. Da kashi cikin biliyan ake auna ta: Tarayyar Turai ba ta karɓar fiye da kashi 4 a gyaɗar ci, wato kamar giram 4 a cikin tan 1,000. Amurka ta tsaya a 20. Kin ga ba laifin idonki ba ne.

Tun a gona take shiga. Idan ruwa ya ɗauke makonni uku ko huɗu kafin gyaɗa ta nuna, ƙasa ta yi zafi, ɓawo ya tsattsage, fumfuna ta sami ƙofa. Gara da fartanya su ma suna buɗe mata. Sai a ƙara da jibge gyaɗa da harawarta ɗanya, tulin ya ɗumame daga ciki. Daidai shi ne a tuge a kan lokaci, a kife ta 'ya'yan suna kallon rana na 'yan kwanaki, a tsinke, a shanya a kan tamfol ba a kan ƙasa ba, har danshin ƙwayar ya sauko zuwa kashi 7 ko 8 cikin ɗari. Inda babu na'urar awo, a girgiza a ji tana kaɗawa a cikin ɓawo, a ciza a ji ta karye ƙas. Akwai ɗabi'a guda da ke rusa duk wannan wahala, wato yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa ko ta ƙara nauyi a sikeli. Wanda ya yi haka ya tura ta buhu, ya shuka fumfuna da hannunsa. Buhun kuma a ɗora shi a kan katako, a ba shi tazara da bango.

Ga manomi akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta fitar da guba, a watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri. Wannan aikin Yuli ne da Agusta. Wanda ya zo da bayaninsa a Oktoba ya makara.

Yanzu mu shiga gidanki. Gubar ba a baje take cikin buhu ba, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawanta. Shi ya sa faifai ya fi kowane inji amfani a wurinki. A baza gyaɗar a haske, a cire wadda ta yamutse, da fasasshiya, da wadda ƙwaro ya huda, da mai launin da ya saɓa. Bayan an soya an murje jan ɓawon a sake dubawa, don a lokacin ne baƙin tabo da rawaya suke fitowa fili a jikin fara. Kada a ce wuta za ta kashe. Suya tana rage wani abu, amma gubar ba ta rushewa sai zafi ya zarce digiri 230, man suya kuwa 170 zuwa 180 yake tsayawa. Ga kuma abin da ya sa ƙuli ya fi shan duka: gubar ba ta cika bin mai ba. Kin niƙa, kin zuba ruwan zafi, kin juya har mai ya taso kin kwashe, ita tana nan a tunkuza. Nauyi ya ragu, guba ba ta ragu ba, don haka kilo guda na ƙuli ya fi kilo guda na gyaɗar da ya fito daga cikinta ƙarfi. Idan kuwa gyaɗar mai arha ce, irin wadda aka tsince daga ta wasu aka sayar wa masu mai, lissafin ya ƙara muni. Tsintuwar taki ma kada a ba saniyar tatsa, don gubar tana fita a nono. A binne ko a ƙone.

Gwajin kansa yana da tarko. Akwai 'yar takardar gwaji mai nuna sakamako cikin mintuna, amma sakamakon na abin da aka ɗiba ne kawai. Cikin hannu guda daga bakin buhu guda zai iya wanke kaya mai guba, ko ya ɓata kaya mai kyau. Ƙa'idar abinci ta duniya, wadda ake kira Codex, kilo 20 take nema a ɗiba daga wurare daban-daban idan babban kaya ne, a niƙe gaba ɗaya a cakuɗa, sannan a ɗauki kaɗan a gwada. Saboda haka ki tambayi ɗan kasuwar nan: buhu nawa aka huda, nawa aka ɗiba, nawa aka samu? Kina da haƙƙin ganin takardar.

Da an shiga Nuwamba sai wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake yayyafa wa buhu don kashe ƙwari. Waken da Turai ta ƙi shi ne muke yin ƙosai da alale da shi. Maganin ba ya buƙatar guba. Buhun PICS rufi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A duba kowace leda a ga babu huda, a zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ta farko a naɗe a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne daban. Ƙwarin za su shanye iskar da ta rage su mutu. Masu cewa buhun bai yi musu aiki ba, in an bincika, ko dai sun haɗa bakin uku sun ɗaure wuri guda, ko ɓera ya huda, ko suna buɗewa duk mako suna ɗiban na girki. A bar shi wata biyu aƙalla. Ƙwayar Phostoxin kuwa, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, iskar gas take saki mai kashe mutum, ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi.

Masara da dawa ana son danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. Ga gwajin da kowa zai iya: busasshiyar kwalba, cikin hannu na hatsi, cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai. A rufe, a girgiza minti guda, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshin ya wuce 15, a mayar rana.

Tumatirin rani ba za mu daɗe a kansa ba, kowa ya ga ruwan da ke tsiyaya daga kwando a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Kwando ya ɗauki kilo 50 ko fiye, a ɗora wani a kansa, na ƙasa ya murƙushe kafin Legas. Kiret ɗin roba kilo 20 zuwa 25 yake ɗauka, kuma nauyin na sama a kan gefensa yake sauka. Kauɗa da barkonon yajinki in an shanya a bakin titi, ƙura da hayaƙin mota da kashin awaki duk sun shiga miya.

Bazara ce ta fi nuna cewa ranar 7 ga Yuni ba ta isa ba, don zafin Maris zuwa Mayu ya riga ya yi ɓarnarsa. Horon masu zoɓo da kunu na Fabrairu ne, ko wata guda kafin azumi duk inda ya faɗo. Kanawa ba su manta Maris na 2021 ba, da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Farin gari marar suna da kwanan wata, wanda aka ƙulla a leda, ba ya shiga abin sha. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa ne tsakanin digiri 5 da 60, zafin inuwarmu kuwa yana tsakiyar nan. Zoɓo tsaminsa yana ɗan kare shi, sinadarin adanawa na benzowet ma yana aiki a cikinsa, don sai da tsami yake aiki. Kunun aya ba shi da wannan tsamin, ko an zuba asara ce. Shi sai tsaftataccen ruwa, da sanyi, da sayarwa a ranar. Madara a ɗora ta a digiri 63 na minti 30, a sauke zuwa 43 ko 45 kafin a zuba irin kindirmo. In ta fi haka zafi irin ya mutu, in ta huce da yawa wasu ƙwayoyin su riga shi.

Damina ta laima ce. Yajin da ya dunƙule da ƙulin da ya yi laushi, yawanci an ƙulle su ne da ɗumi, gumi ya taru a cikin ledar, ko ledar siririya ce. Man gyaɗa kuma in an bar ɗigon ruwa a ƙasansa, ko an jera shi a rana cikin farar roba, ba ya daɗewa zai canza wari.

Abin da za ki iya nema a wurin reshe ke nan, kuma ya fi tasiri idan ƙungiyar matanku ce ta rubuta, ba ke kaɗai ba. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce sashen kimiyyar abinci na makarantar da ta fi kusa, kamar Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Maiduguri, ko Kwalejin Fasaha ta Kaduna, ko ofishin cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Kano. Ku nemi a zo wurin aikinku a ranar da kuke aiki, a yi bayani da Hausa, a zo da na'urar auna danshi. Ku nemi a duba muku ɗakin da takardar jikin leda kafin ku kira NAFDAC, don abin da yake mayar da mutane baya sananne ne: rashin rajistar sunan sana'a, ɗakin aiki da ya haɗu da madafin gida, taga babu raga, babu takardar lafiyar ma'aikata, leda babu lambar rukuni da ranar yi da ranar ƙarewa.

In za ki zo, ki taho da abu uku a leda daban-daban, kowanne kamar kilo biyu, an ɗiba daga buhuna da yawa: gyaɗar yadda kika sayo ta, gyaɗar bayan an tsince, da ƙulin da aka dawo miki da shi. Ki rubuta a jikin kowacce kasuwar da aka sayo da watan da aka sayo. Idan ta farko ta nuna guba ta biyu ta sauka ƙasa, tsinta ce ba ta isa ba a wancan karon. Idan duka biyun sun yi sama, wurin saye za ki canza.

Wassalam,
'Yan uwanki, masu aikin kimiyyar abinci a shiyyar Arewa.