Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin tafiya karatu Ingila

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Kano. Mu nan Ringim lafiya lau, an shiga girbin gero.

Mahaifiyarka ta haɗa maka guzuri. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji na nan, amma na sa an cire kilishi da dambun nama da man shanu, domin dokar Ingila ta hana shiga da nama ko abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin tamu. A filin jirgi za a ƙwace. Fasfonka da takardar gwajin tarin fuka da ta jami'a su zauna a jakar hannunka, don akwati yakan yi ɓatan kai.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar aiki. Bizar ɗalibin digiri ta yarda ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma kowane mako lissafinsa daban, daga Litinin zuwa Lahadi. Ba a cewa wancan mako na yi goma, bari wannan in yi talatin in rama. Sana'ar kanka ma ba a yarda ba. Za ka haɗu da 'yan uwa masu cewa kowa ma yana yi, to su ba su ne za su mayar maka da biza ba in an soke ta. Haka zuwa aji: jami'a tana rubuta wanda ya zo, kuma wajibi ne a kanta ta kai rahoton wanda ya ɓace.

Sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne da hantsi ke korarsa, yini yake yi, ga yayyafi. Riga uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi babbar riga guda riƙe ɗumi. Ka sayi takalmin da ruwa ba ya shiga. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu za su wuce, sau da yawa kana aji. Ka nemi ɗakin sallar jami'a tun makon farko, ka riƙa fita da alwala. Alƙibla a can kudu maso gabas take. Saboda ƙarancin rana, hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan bitamin D, mikirogiram 10 kullum, daga Oktoba zuwa Maris.

Ka yi rajista da likitan unguwa kafin ciwo ya zo. In zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, ka gaya masa daga Najeriya ka zo, a gwada cizon sauro, domin ba shi ne zai fara zuwa masa a rai ba.

Kada ka kunna turaren wuta a ɗaki, na'urar hayaƙi za ta tashi gidan gaba ɗaya. Wajen tsallaka titi kuma, dama za ka fara dubawa, su ta hagu suke tuƙi.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai mu riga ku da awa guda har ƙarshen Maris. Ka lura da wannan in za ka kira mahaifiyarka. Ta ce ranar Juma'a bayan Isha'inmu, kafin ta kwanta.

Allah ya kai ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka