Godiya ga garejin wayarin da ya tayar min da fankar hitar Fijo 504

Assalamu alaikum.

Wannan takarda zuwa ga Baba ce, mai garejin wayarin da ke gefen titin Bauchi a nan Jos, da yaran da ke ƙarƙashinsa, musamman autansu. Na riga na yi muku godiya a bakin gareji, amma ta baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Motar da ake magana Fijo 504 ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa. Zuwan Faransa ce, ya saye ta a 1974, shekara guda kafin masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara haɗa nata a 1975. Bayan rasuwarsa ta daɗe a rumfa kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har na yi zuciya na ce sai na tayar da ita. Inji ya tashi, an yi gyaran jiki, an yi fenti, an ɗinke kujeru. Abu ɗaya ya gagara: fankar hita.

Na san mutanen Kano da Sakkwato za su yi dariya, su ce me Bahaushe zai yi da hita. To, ku zo Jos a watan Disamba ku fita bayan sallar asuba. Garin nan yana kan tudu sama da mita 1,200, sanyinsa ba irin naku ba ne. Da damina kuwa, da an fara ruwa gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, in babu fankar da za ta hura masa iska sai ka koma tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da tsumma.

Fankar tawa in an kunna wani lokaci ta ɗan juya a kasalance, wani lokaci ko motsi. Kuma da na faɗa rami sai fiyus ya ƙone. Wurare uku na kai ta, ba zan kira sunan kowa ba, su sun san kansu. Na farko ko leƙa bayan dashbod bai yi ba, ya cire fiyus ya sa wanda ya fi shi ƙarfi, ya karɓi kuɗinsa. Kwana biyu shi ma ya ƙone. Na biyu ya ce fiyus ɗin yanzu duk jabu ne, ya tsinko silin wayar tagulla ya naɗa a gurbinsa, ya ce in je in kwanta da kunnena biyu. A hanyar Bukuru na fara jin ƙaurin roba, na ga hayaƙi na fitowa ta ƙasan sitiyari. Allah ne ya sa akwai sifana a kusa, na kwance kan batir jikina na rawa. Motar da na kashe wa shekara biyu ta kusa zama toka a kan fanka. Na uku ya ce motar fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, ita ce ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa, sannan zai huda dashbod ya sa min wani makunni ya ja waya kai tsaye daga batir. Dashbod ɗin da ya shekara hamsin ba a taɓa huda shi ba! Na ce a'a, wannan gyaran gangar Auzinawa ya isa haka.

Da wannan zuciyar na zo wurinku, ban sa rai da komai ba. Baba ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, sai ya yi min tambayar da ba wanda ya taɓa yi min: kafin a yi fenti fankar na aiki? Na ce tana yi, ko da ba da ƙarfi ba. Ya ce wa ya mayar da dashbod bayan fenti? Na ce mai gyaran jiki. Ya gyaɗa kai, ya kira autan yaransa ya ce, ga aikinka.

Yaron nan shi ne dalilin takardar nan. Ina jin bai wuce shekara ashirin ba, motar ta girme shi nesa ba kusa ba. Bai yanke waya ko ɗaya ba sai da ya san laifinta. Ya fara da ciro motar fankar ya jona ta da batir a kan benci, sai ga ta tana juyawa, wadda aka ce ta mutu. Busassun ganye da sheƙar ɓera ne cike da gidanta, bakin sandarta ya bushe. Ya share, ya ɗiga mata mai, ya duba gawayin cikinta ya ce da saura. Daga nan ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari da ƙwan gwaji a hannu, yana bin wutar daga fiyus zuwa makunni, daga makunni zuwa fanka. Ya nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba, wai Fijo lamba take sa wa wayoyinta, in ka goge dattin ƙarshen waya za ka ga lambarta, da ita ake bin sawu ba da launi ba.

Laifi biyu ya samo. Na ɗaya, wayar negatif ta fankar, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta samu hanyar komawa batir, an mayar da ita a kan sabon fenti. Fenti kuwa ba ya wuce wuta. Ya ɗora mita ya nuna min: batir na ba da bolt 12 da 'yan kai, amma wani kaso mai yawa yana maƙalewa a wannan mahaɗar, fanka na samun ragowa. Ya kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa giris don tsatsa. Na biyu, wajen mayar da dashbod wani kusa ya danne wayar da ke kawo wuta, ya ci rigarta. In mota na tafiya sumul lafiya lau, da an faɗa rami sai tagulla ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone. Ashe fiyus ɗin aikinsa yake yi, shi ne mai gadin, mu ne muka yi ta korar mai gadi. Ya cire wayar da ta narke tun daga tushe, ya sa wata mai kaurinta, ya like da dalma, ya wanke cikin makunnin da ke rage gudu da ƙara shi, ya mayar da fiyus daidai ƙarfin da aka tsara. Da na ce masa, ƙanena, a ina ka koyi wannan haƙurin, sai ya sunkuyar da kai ya nuna Baba.

Kuɗin da aka karɓa bai kai rabin abin da na uku ya yanka min ba, kuma an ba ni tsohuwar wayar a leda.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda sana'ar nan ta koma. Yaro ya yi wata shida yana miƙa wa maigida sukundireba, sai ka gan shi ya kafa rumfa ya zama oga. Ba mita, ba ƙwan gwaji, sai fulaya da salatif da haƙori na feɗe waya. Kowace matsala maganinta a yanke a jona, ko a canza kaya. Motoci nawa muke gani sun kama da wuta a kan titi ana cewa tsautsayi ne, alhali wani ne ya naɗa tagulla a gurbin fiyus? Mu masu motocin ma da namu laifin, muna tsaye a kan mutum muna duba agogo, mun fi son wanda zai sallame mu a minti goma.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaran nan albarka. Jiya da asuba na kai mahaifiyata unguwa a motar, ta miƙa tafukanta wajen iskar ɗumin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan dawo muku da motar, waifar hagu ta fara tsayawa a tsakiyar gilashi.

Naku,
Mai farar Fijo.