Zuwa ga Injiniya, daga Maryland

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Babba da amarya da yara baki ɗaya. Ya jikin Gwaggo? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na san ka yi fushi da ni. Saƙonninka na murya guda huɗu suna nan a WhatsApp, na saurari uku, na huɗun da na ga minti goma sha ɗaya ne sai na ce sai ranar da na ci na ƙoshi. Batun filin Ɗorayi da ka tambaya zan ba ka amsa a wasiƙa ta gaba, ka bari in fara sauke abin da ke cikina. A gidan nan babu wanda ya san kan wayar lantarki, don haka babu wanda ya gane girman abin da na yi.

Ka tuna obin ɗin nan, tanderun lantarkin da na nuna maka ta bidiyo lokacin da muka tare, wanda aka cusa a cikin bango, ka ce ya yi kama da talabijin da ba ta kama tasha? To shi ne ya kusa kashe min aure.

Ka san duk Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba ƙasar nan tana hutu, kowa ya koma gida cin talotalo. Mu ma tunda ba aiki, mutanenmu na Baltimore da Silver Spring kan taru a gida ɗaya, bana kuma juyi ya zo kanmu. Hajiya ta sayo talotalo a shagon halal, kusan kilo takwas, ta ce da yajin ƙuli za ta gasa shi yadda matan nan za su san daga Fagge ta fito. Ranar Asabar ta tafi aikin dare. Ni kuma na leƙa cikin obin na ga maiƙon shekara da shekaru ya yi baƙi ƙirin, sai zuciya ta ce min ga hanyar neman suna a banza.

Akwai wani maɓalli a jikinsa, in ka danna, obin ɗin ya wanke kansa. Ba da ruwa ba fa. Ƙofa yake kullewa, ya ɗauki zafi har wajen digiri 480 a ma'aunin da muka sani, su a nan 900 suke cewa, ya zauna a haka awa uku zuwa huɗu har duk wani maiƙo ya ƙone ya zama toka. Ka kwatanta da gashin kek da bai wuce 180 ba. Hajiya ta sha gaya min kada wanda ya taɓa wannan maɓalli, wata abokiyar aikinta ta gargaɗe ta. Na ce a raina, wanda ya yi shekara shida a shagon Oga yana shaƙar hayaƙin dalma, maɓalli ne zai ba shi tsoro? Na danna.

Ba a yi awa ɗaya ba ƙararrawar hayaƙi ta fara ihu. Na buɗe tagogi cikin sanyin Nuwamba, Ummi ta sauko da bargo a ka tana tambaya ko gobara ce. Daga baya da na karanta littafin obin ɗin, abin da ya kamata in fara yi ke nan, na ga har sun rubuta cewa mai tsuntsu a gida ya fitar da shi, hayaƙin yana iya kashe shi. Na tuna tantabarunka. Wai har yanzu kana ba su dawa alhali amarya na kukan cefane?

Da ya gama, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na ce hucewa yake yi. Hajiya ta dawo da asuba, ta shaƙi iska, ta dube ni, na ce mata maƙwabta ne suka ƙona abinci. Ƙarfe goma na safe obin ya yi sanyi kamar randa, agogonsa na tafiya, amma ƙofa gam. Har na miƙe wayar hanga zan zura ta saman ƙofar in jawo sakatar, sai na ce bari in fara da mai sauƙi. Na sauka ɗakin ƙasa na kashe birekarsa, wato makunnin da ke yanke masa wuta, irin tagwayen nan da aka haɗa hannunsu, na ba shi minti biyar na mayar. Sai na ji ɗan injin sakatar ya yi gurnani, ƙofa ta saki. Injiniya, da ka ga cikinsa! Fes, sai 'yar farar toka da tsumma ɗaya ya ɗauke. Na kira Hajiya ta zo ta gani, har da ɗaga kafaɗa. Da la'asar Ummi ta sa kek, bayan rabin awa ta ciro shi yadda ta sa shi, ƙullu tsamo-tsamo. Fitila na ci, lambobi na haske, zafi kuwa ko na ashana babu.

Ranar Litinin na kira masu gyara har wuri uku. Na farko ya ce dala 120 kuɗin taka ƙafa kawai, kuma sai bayan hutu zai samu zuwa. Na uku dariya ya yi min, ya ce kowace shekara a wannan makon haka suke fama, kowa sai ya ga baƙi sun kusa yake tuna maɓallin. Hajiya ba ta ce min uffan ba. Ka san shirunta, ai ka taɓa ɗanɗana shi ranar da ka zo da Dogo ba sanarwa.

Af, wai gaskiya ne Dogo ya sayar da babur ya buga fosta yana neman kansila? Wanda ko shugabancin ƙungiyar ƙwallonmu sai da aka ƙwace a hannunsa saboda kuɗin riguna? Ka ce masa ina da ƙuri'a amma tana tsallaken teku.

A daren nan na zauna na yi lissafi irin wanda Oga ya koya mana da ranƙwashi. Obin ɗin yana da ƙarfen zafi biyu, ɗaya a sama a fili, ɗaya a ƙasa a ɓoye ƙarƙashin faranti. Wuya ne su mutu rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wutar ƙasar nan kuma ba irin tamu ba ce. Soket na gida bolt 120 ne, manyan kaya irin obin da injin busar da tufafi su ake jawo wa layi biyu su haɗu su ba da 240. Agogo da fitila layi ɗaya ya ishe su, ƙarafan zafi kuwa sai da biyun. Ke nan wani abu ne ya yanke hanyar da ƙarafan biyu suka yi tarayya a kai. Ko bireka ta faɗi rabi, na duba ba ita ba ce, ko allon da ke ba da umarni ya soye, wanda shi ne abin da nake tsoro don kuɗinsa ya kusa rabin sabon obin, ko kuma fis ɗin zafi. Na ɗauki lambar obin ɗin a jikin bakin ƙofa, na nemo zanen wayoyinsa a intanet, sai ga fis ɗin zaune daidai inda na zata. Matsalar ɗaya, a bayan obin yake, bayan obin kuma yana cikin bango.

Allah ya sa Abba ya dawo hutu daga jami'a. Na kashe bireka, na sa mita na tabbatar babu wuta, don har yau ina jin abin da fankar Alhaji ta yi min a hannun dama. Muka fara cire ƙofa: ka buɗe ta gaba ɗaya, ka ɗaga wasu 'yan maratayai a jikin hinjin, ka rufo ta rabi, ka ɗaga sama. Ita kaɗai ta yi nauyin yaro ɗan yaye biyu. Sai sukurori huɗu a gefe da suka kama katakon kabad. Shi obin ɗin ya fi buhun shinkafa nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba za ka sauke shi ƙasa ba, domin wayarsa tana cikin wani bututun ƙarfe mai lanƙwasa, gajere, da aka ɗaure a akwati cikin bango. Muka jawo teburin cin abinci, muka yi masa ƙari da littattafan Abba har tsayi ya zo daidai, muka zamo shi a hankali. Karo na farko ke nan da na ga amfanin kuɗin littattafan nan da idona.

Na kwance faifan baya, sukurori sun fi goma. Ga shi nan, ɗan abu bai kai ƙwaryar goro ba, da waya biyu a jikinsa. Na zare wayoyin na ɗora mita, shiru, ko ƙyas. Na gwada ƙarafan zafi, kowanne ya ba ni om ashirin da wani abu, lafiyarsu ƙalau. Ɗan siririn ƙarfen da ke auna zafi ya ba ni om kusan 1,080, wanda shi ne daidai in ɗaki ba zafi ba sanyi. Na leƙa allon, na shinshina shi yadda muke yi wa rediyo, babu ƙauri, babu baƙi. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi har Abba ya tsorata.

Na san abin da kake faɗa yanzu kana karantawa: a haɗa wayoyin biyu kai tsaye a wuce wurin. Ba zan ɓoye maka ba, sai da na riƙe su a hannu ina kallo. Sai na tuna amfilifayar bikin Yaya, da ka naɗe fis da takardar kwalin taba ka ce ai ta kai mu asuba, ta kuwa kai mu ƙarfe goma sha ɗaya da hayaƙi. Can aƙalla bangon siminti ne. Gidajen nan katako ne tun daga ƙasa har rufi, an lulluɓe da allon farar ƙasa, obin ɗin kansa a cikin akwatin katako yake zaune. Wannan fis ba yawan wuta yake jira ba, zafin jikin obin yake ji, in ya wuce iyaka ya tsinke, kuma irin nawa ba ya dawowa. Wasu obin ɗin nasu yana da ɗan jan maɓalli da za ka danna ya koma, ni ban yi wannan sa'ar ba. Na yi oda, dala 24, ya iso Talata da yamma. Na ɗaura, muka tura obin rabi, na kunna. Cikin minti biyu ƙarfen sama ya yi ja. Ummi ta yi guɗa irin ta 'yan Amurka, abin ba daɗin ji.

Amma na kwanta barci ya ƙi zuwa. Fis ba ya tsinkewa don nishaɗi, an gina obin ɗin ne ya jure wannan zafin. Can cikin dare sai na tuna wani abu. Da muka tare, in an kashe obin akan ji shi yana huci na ɗan lokaci, iska mai ɗumi na fita ta gaba. Na yi watanni ban ji wannan hucin ba, ban kuma lura ba. Da safe muka sake zamo shi, na buɗe saman. Akwai wata fanka a can, doguwa kamar gwangwani, aikinta ta riƙa kora iska tsakanin jikin obin da katako da allon. Injiniya, ƙura da maiƙo sun yi mata dabe. Na masu gidan na da, da namu man ja da soye-soyen Hajiya na shekara huɗu. Na juya ta da yatsa, da ƙyar ta yi zagaye ɗaya. Ashe awa huɗu obin ya yi a 480 babu mai yi masa fifita. Da na bi shawararka da ban ba ka dama ka bayar ba, da yanzu daga otal nake rubuto maka.

Na wanke ta da buroshin haƙori, na ɗiga mata man keken ɗinki, ta tashi tana juyawa amma da ƙara kamar tsohuwar Vespa. Na yi odar sabuwa, dala 90, suka ce sai bayan hutu. Saboda haka ranar Alhamis, awa huɗun da talotalo ya yi a ciki, ina kan kujera a kicin, bini-bini in ɗora tafin hannu a katakon sama in ji ko ya yi zafi. Maza na falo suna musun siyasar gida, ni ina tsakiyar mata kamar ɗan aike. Talotalo dai ya fito jawur, ko ƙashi ba a bari ba. Sai da aka natsu ana shan shayi Hajiya ta gyara zama ta ba da labarin tun daga kan maƙwabtan da suka ƙona abinci. Mutum ashirin da uku, Injiniya. Wani dattijo ɗan Damagaram ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi ya sa tanderun gurasa ya fi, na ce masa ai na Jakara tun kakanninmu yake aiki ba a taɓa canja masa fis ba.

Yanzu ta manne maɓallin da baƙin salatif. Ragogin ƙarfen da na manta ban cire ba sun dushe, sun daina zamewa, sai da na shafa musu man girki a gefe. Wankin obin kuma ya dawo wuyana: in kwaɓa bekin soda da ruwa, in shafe cikin, ya kwana, da safe in durƙusa in goge. In ka gaya wa Dogo wannan, ni da kai ne.

Sabuwar fankar ta iso jiya, tana nan a kwali, Abba kuma ya koma makaranta, bayana bai gama yafe min na farko ba. Tambayata gare ka, tunda kai ne ka ci gaba da sana'ar: injin da bushinsa, wato zoben da sandar fankar ke juyawa a ciki, ya fara wannan ƙara, man keke zai riƙe shi wata guda har yaron ya dawo hutun Disamba, ko in nemi wanda zai kama min a ƙarshen mako? Ka amsa min a rubuce, kada ka yi min minti goma sha ɗaya.

Ƙanin Hajiya zai taso daga Kano tsakiyar wata mai zuwa. Ka taimaka ka karɓo min yajin wurin Gwaggo ka kai masa, na ƙulin, ba mai citta da yawa ba, talotalon nan ya cinye wanda muke da shi kaf. A ɗaure shi da leda biyu a rubuta sunan abin da ke ciki da Turanci, saboda masu binciken kaya a filin jirgi. Ka gaida Oga in ka bi ta Fagge, ka ce masa mitar da ya ba ni ce ta yi aikin, batir kawai na canja mata.

Naka,
Ɗan Gwaggo