Wai "a yi dabara a ƙarasa" a kan birki? Haba Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin direbobi na makon jiya ce ta hana ni sakat, wai idan fayif ɗin birki ya huje ana iya yin dabara a ɗaure shi da tiyo a ƙarasa tafiya, kuma wai yawancin tsinkewar birki sakacin direba ne. Ina cikin mota na ji, wallahi sai da na rage murya na yi shiru don raina ya ɓaci sosai, kuma abin da ya fi ba ni haushi mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, sai ma "madalla" da ya yi ta faɗa.

Ni wannan dabarar ce ta kusa kai ni lahira, ni da yaron motata. Kuma ba ni na yi ta ba, makanike ne ya yi min ita a gareji, da rana tsaka, ya karɓi kuɗin aiki cif.

Motar tawa mai taya shida ce, birkin mai gare ta ba na iska ba. Wata safiya na ga ɗigon mai a ƙasa wajen tayar baya, na shiga ƙarƙashi na ga fayif ɗin ƙarfen ya yi tsatsa daidai inda kilif ya riƙe shi a jikin shasi, ka san nan ne ruwa da laka suke kwanciya. To ka ga dai ban yi sakaci ba, ranar ko lodi ban ɗauka ba, na lallaɓa na kai ta gareji na ce a canza min fayif ɗin. Oga ya ce in je in dawo da yamma. Na dawo na taka birki na ji ya yi laushi kamar na taka soso, na ce Oga ya haka? Ya ce "'yar iska ce ta saura a cikin layin man, kana tafiya zai zauna." Ni kuma da yake ba yau na fara kawo masa aiki ba sai na yarda, ko leƙawa ƙarƙashin ban yi ba. Nan ne kawai laifina kuma na amsa shi.

Kwana biyu da yin aikin na ɗauko siminti, muna saukowa wani gangare mai kwana a ƙarshensa, na taka birki ƙafata ta tafi luuu har ta kusa taɓa ƙasa. Yarona ya fara salati. Na yi ta famfa birkin, na samu na sauko da giya, injin yana ihu kamar zai fashe, ina jan hambirki kaɗan-kaɗan don kada tayoyin baya su ƙulle ta juya da mu, ga wata ƙaramar mota a gabana da yara a kujerar baya suna leƙo mu ta gilashi ba su san abin da ake ciki ba. Abin da ya cece mu bayan ikon Allah shi ne masta silinda ɗin, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, layi biyu gare shi, na baya ya zubar da mansa amma na gaba bai mutu ba, shi ya ɗan riƙe can ƙasa har na samu na gangara gefen titi muka tsaya. Na fi minti goma ban iya sauka ba, gwiwata rawa take.

Da na shiga ƙarƙashi Malam Edita, me zan gani? Bai canza fayif ba. Yanke inda ya ruɓe ya yi, ya samo guntun tiyon fetur wanda bai kai tsawon tafin hannuna ba ya zura bakin nan da bakin can, ya ɗaure da kilif biyu irin na sukurudireba, ya naɗe da baƙin salatif don kada a gani. Ɓangare ɗaya ya zame fit, mai yana ɗiga a kan aksul, tiyon ya kumbura ya yi laushi. Ga shi bai mayar da fayif ɗin mazauninsa ba, ya bar shi yana lilo dab da salansa.

Wannan ita ce dabarar da baƙonku yake koya wa mutane a rediyo. Shin ya san matsin da ke cikin layin birki kuwa? In ka taka da ƙarfi yana haura psi 1,000 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), shi kuwa tiyon fetur na yau da kullum an yi shi ne don abin da bai wuce psi 50 ba, to ta yaya kilif biyu za su riƙe wannan? A gareji in ka taka a hankali zai riƙe mana, shi ya sa ake ruɗuwa, sai ranar da ka ɗauko lodi kake neman birki ido rufe sannan zai sake ka. Ko tiyon roba da ke zuwa wajen taya ai nasa ne na musamman, mai zare a ciki da bakin ƙarfe da aka matse tun daga kamfani, ba kowane baƙin tiyo ba ne.

Sai da aka jawo motar. Makaniken da ya gyara daga baya, wani dattijo ne marar yawan magana, ya ɗauki tiyon ya jujjuya shi ya ce "ɗana wa ya yi maka wannan?" kawai ya girgiza kai. A gabana ya cire layin gaba ɗaya daga mahaɗa zuwa mahaɗa, ya lanƙwasa sabon fayif na ƙarfe yadda tsohon yake, ya sa na'ura ya buɗa bakinsa ya ninka shi biyu yadda zai zauna daram cikin noti, ya mayar da kowane kilif, ya nisanta shi da salansa. Shi ya faɗa min ko jan ƙarfe zalla ba a so a layin birki don jijjiga tana sa shi ya yi tauri ya tsage, walda ma ba a yi. Sannan ya zubar da tsohon man duka don man birki yana shan ruwa, man birki irin wanda ake kira DOT 4 in sabo ne sai wajen digiri 230 na Celsius yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma a dogon gangare zafin nan ake samu. Muka fitar da iska taya bayan taya, ya fara da wadda ta fi nisa da masta, ina takawa yana kwancewa, har mai ya fito ba kumfa. Daga ƙarshe ya ce in danne birkin da ƙarfi in riƙe na minti ɗaya, shi kuma yana ƙarƙashi da tocila da farin tsumma yana shafa kowace mahaɗa. Iska ba ta fita da kanta, ba wani "zai zauna".

Na koma wajen na farkon da guntun tiyon da hotunan da na ɗauka a waya kafin a taɓa komai. Ka san me ya ce? Wai lodi na yi wa motar da yawa, wai kuma shi ba ya ba da garanti a kan birki. Sai da na kai maganar gaban shugaban garejin na ajiye tiyon a kan benci kowa ya gani sannan ya dawo min da kuɗin aiki yana ta ƙunƙuni, kuɗin janwe da lodin da na yi asara kuwa ko oho. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Af, tun da na ɗauki alƙalami, don Allah ku duba lambar nan da kuke cewa a kira. Sau bakwai na buga ranar tana ta ƙara ba a ɗauka ba, amma talla kam kun saka ta har sau huɗu cikin rabin awa, ɗaya ma a tsakiyar maganar wani mai kira kuka yanke shi. In lokacin bai isa ba ku ƙara mana.

Abin da nake nema dai ku dawo da baƙon nan ya janye maganarsa da bakinsa a cikin shirin, don akwai yaran gareji da suka ji shi kuma gobe za su ce ai a rediyo ma an faɗa. Ya gaya wa direbobi in fayif ya huje a hanya a tsaya a nemi janwe ko a kawo sabon fayif, in an gama aiki kuma mutum ya shiga ƙarƙashi da kansa ya gani, ya ce a ba shi tsohon da aka cire. In yana gardama ku gayyace ni ranar, tiyon yana nan cikin aljihun dashbod ɗina da kilif ɗinsa biyu, zan zo masa da shi.

Naka,
Direban babbar mota, mai sauraronku kullum