A duba gindin turakun babban layin wuta tun kafin damina

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan manyan turakun ƙarfen nan masu ɗauke da babban layin wuta. Mu nan Sakkwato kusan a wutsiyar layi muke, wutarmu daga Kainji take tasowa ta layin 330kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar layi ne) zuwa Birnin Kebbi, daga can layin 132kV ya kawo muna ita, to duk abin da ya taɓa wannan hanya mu ka shan duhu, kowa ya tuna Satumbar 2023 da gobara ta tashi a tashar wuta ta Birnin Kebbi irin halin da munka shiga, masu walda da masu ƙanƙara da masu injin niƙa duk sun ji a jikinsu.

In ana maganar faɗuwar turke hankalin kowa kan ɓarayin ƙarfe da 'yan ta'adda yake tafiya, kuma gaskiya ne suna ɓarna. Amma akwai mai ɓarnar da ba a kallo, wato ƙasar da turken yake tsaye a kai. Wani zai ce ai mu ba mu da manyan duwatsu irin na Mambila balle ƙasa ta zaftare. To zaftarewa ba sai da dutse ba, gaɓar kwari ma tana zaftarewa, bakin fadama ma haka. Ruwanmu ba ya daɗewa amma in ya sauko a watan Agusta da ƙarfi yake zuwa, ga ƙasar rani ya bar ta tsirara babu ciyawa babu itace, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba sai an gaya mai aikin ruwa ba.

Shi turken nan ƙafa huɗu gare shi, kowace da nata kankare a binne. Ba sai duka sun motsa ba, ƙafa guda ta nutse ko ruwa ya kwashe ƙasar gefenta shi ke nan turke ya karkata, wayoyin su ja shi, shi kuma ya ja na kusa da shi. Ƙasar laka ma wata matsala ce, da damina ta kumbura da rani ta tsattsage, kankare na ciki yana shan wannan motsi shekara da shekaru. Sai kuma masu tifa da masu haƙar ƙasar gini da ke cin rami dab da gindin turke, alhali ƙa'ida ta ware faɗin mita 30 ga layin 132kV, mita 50 ga na 330kV, ba gini ba haƙa. Wannan ramin shi ka zama kwari bayan damina biyu uku.

Roƙona ga kamfanin TCN mai dakon wutar lantarki a ƙasar nan, tunda layin nasu ne, injiniyoyi su bi shi yanzu da rani turke bayan turke, a duba ina kankare ya fito waje, ina ƙasa ta tsage, kuma a auna tazarar bakin kwari da ƙafar turke a rubuta, baɗi a sake aunawa, nan za a gane wanne ne ruwa ke matsowa gare shi da sauri a fara da shi, a yi mai magudana a jera duwatsu a cikin raga a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa. Inda rashin tsaro ya hana shiga a yi amfani da hoton tauraron ɗan adam ko jirgi mara matuƙi.

Kuma a jawo hakimai da masu unguwanni a jiki. Manomin da turke ke tsakiyar gonarsa ya fi kowa sanin inda ruwa ke bi, a ba shi lambar waya da zai kira kuma in ya kira a ɗauka. Gwamnatin jiha ita ma ta tsawata wa masu haƙar yashi a ƙarƙashin layi, wannan kam yana hannunta.

Na gode Malam Edita, Allah shi ƙara ɗaukaka.

Daga mai karatunku, Sakkwato.