Zuma da habbatus sauda ba sa kashe tarin fuka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan masu fama da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman yanzu da hunturu ya shigo Kano ƙura ta ko'ina. Wana ya yi wata 4 yana tari, kullum zuma da habbatus sauda da tafarnuwa, har wani jiƙo ya siyo gun masu talla da lasifika, mutum sai ramewa yake ga zufa da daddare, da ƙyar muka ja shi asibiti aka gwada majina, ashe tarin fuka ne.

Ni fa ban raina zuma ba, tana lallashin maƙogwaro, shayin citta ma haka. Amma ƙwayar cutar sai maganin asibiti na wata 6, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Matsalar mutanenmu da an ji sauƙi a wata na 2 sai a ajiye magani a koma gargajiya, nan ne cutar take taurin kai ta daina jin magani.

Abinci kuwa ba sai mai kuɗi ba: wake, alale, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale, ƙwai ko kifi in da hali. Nonon da ba a tafasa ba a bar shi. Hayaƙin icce da turaren wuta a ɗaki rufe ma suna tayar da tarin, mata sai haƙuri.

Tari ya wuce sati 2 a je a yi gwaji kawai.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano