Barka da Sallah daga Leiden

Leiden, Holand
10 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Umma da Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu nan lafiya lau. Azumin goman ƙarshe ya kai wajen awa 15, amma da yake babu zafi ba mu galabaita ba. Yau Laraba, kuma nan ba a ba da hutun Sallah, don haka Abban yara daga masallaci wurin aiki ya wuce.

Umma, kin sha tambayata ko ina da wadda nake leƙawa in gaisa da ita a unguwa. To, ki kwantar da hankalinki. Katanga ɗaya muke da wata tsohuwa 'yar ƙasar, ta haura shekara 85, ita kaɗai a gida. Yara Kaka suke ce mata. Mutanen nan ba a faɗo musu gida sai an sa rana da lokaci, amma ita ta daɗe da jefar da wannan ɗabi'a. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta ɗauko yara daga makaranta, ta haɗo da miyar kayan lambu, har tana rantse mini babu naman alade a ciki.

A watan Oktoba ta kawo mini wata jaka cike da wasu ƙwayoyi, sak ƙananan albasa. Ta ce in binne su a bakin ƙofa, in bar su su sha sanyi, don in ba su sha sanyin hunturu ba, ba sa yin fure. Na binne ne dai don kar ta ji babu daɗi. Sai ga shi satin nan duk sun buɗe, ja da ruwan ɗorawa da fari. Tulip ake kiransu. Bayan watannin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, wallahi ganinsu kawai yana sa mutum ya ji ransa ya yi fari. Daga Turkiyya aka kawo su, kuma a lambun jami'ar garin nan aka shuka su tun 1593.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da ta ba ni. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tana ƙarama, ƙwayoyin nan mahaifiyarta ke dafa musu su ci. Shi ya sa ba ta iya ganin wani ya fita gidanta hannu rabbana.

Da safe na aika mata tuwon shinkafa da miyar taushe da cincin. Ta ce yajin ya sa ta hawaye, amma kwanon tas ya dawo, da cakulan a ciki. Ranar Asabar za mu raka ta Keukenhof da ke Lisse, lambun da ake shuka ƙwaya kusan miliyan 7 da hannu duk shekara, a buɗe shi wata biyu kacal. Zan turo hotuna a wayar Yaya.

Baba, a sa Kaka a addu'a, ƙafafunta suna damunta. Umma, in an samu mai tahowa, a haɗo mini kuka da daddawa, da atamfa turmi ɗaya mai furanni, ina so in ɗinka mata. A gaishe da Gwaggo da su Kawu da duk mutanen gida. Goron Sallar yara na turo, a raba har da na maƙwabta.

Wassalam,
'Yarku